Gefen da Yake Barci

A makarantarmu an san ni da baki. Idan kaza ta tsallaka titi a gabana da safe, kafin in kai aji ta zama jimina, kafin a tashi tara ta kifar da motoci biyu har da fasinja. Babana ne ya sa mini suna Rediyo, sunan ya bi ni har wasu malaman sun manta cewa Hajara ce a rajista. Don haka idan kun ji gishiri ya yi yawa a wani wuri, ku yi haƙuri, hali ne. Amma abin da ya shafi ciwon Baba ban ƙara masa komai ba. Da ana iya ragewa ma, da na rage.

Na rubuta wannan ne saboda duk wanda yake da mai ciwon zuciya a gida, musamman idan gidan akwai mai baki irina.

Gidanmu a Maitumbi yake. Baba, wato Malam Lawal, mai walda ne, ƙofofin ƙarfe yake yi a rumfarsa da ke Shango. Mahaifinsa ya zo daga ƙasar Katsina ya yi aikin reluwe, bai koma ba. Baba kansa bai taɓa yin sati ɗaya a Katsina ba, amma idan ya ce "mu Katsinawa" sai ka ɗauka jiya ya sauka daga mota. Mahaifiyata Banufiya ce 'yar Bida, Nna nake ce mata. Ƙaninta Kawu Ndagi yana tuƙa keke mai ƙafa uku, kuma kullum sai ya biyo gidanmu, wai ya zo gaida yayarsa, alhali tuwo da tsokanar Baba ne ke kawo shi. Ga wasan Nufawa da Katsinawa, ga wasan ƙanin mata. Wasa biyu a kan mutum ɗaya.

Abu guda ya kamata ku sani game da Baba. Ba ya zagi, ba ya duka. Magana ɗaya ce mafi muni a bakinsa. Idan ya ga ƙato zaune a bakin titi da hantsi yana jiran wanda zai saya masa shayi, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan zuciyarsa ta mutu." A gidanmu wannan ya fi mari. Sau ɗaya ya taɓa faɗa mini, ranar da ya kama ni ina kwafar aikin gida daga littafin ƙawata. Na yi kwana uku ban ci abinci ba. To, wuni ɗaya. Amma ya yi mini kamar uku.

Kusan wata guda kafin ya kwanta, Baba yana cewa olsa ke damunsa. Ƙirji na yi masa zafi, musamman idan ya ɗaga abu mai nauyi, sai ya zauna kaɗan ya wuce. Mai kemis ya ba shi maganin olsa. Nna ta hana shi yaji. Hannunsa na hagu yana yi masa nauyi, ya ce guduma ce. Mu duka muka yarda, don wa zai yi tunanin zuciya ga mutumin da ke ɗaukar ƙofa shi kaɗai?

Ranar wata Laraba muna hutun makaranta, ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a dakali, rigarsa sharkaf kamar ruwan sama ya doke shi.

"Nnan Hajara," ya ce, "kamar an ɗora mini buhun siminti a nan."

Nna ta kawo ruwan kanwa. Bai iya sha ba. Allah ya sa Kawu Ndagi yana tsakar gida da kwano a hannu. Ya dubi fuskar Baba sau ɗaya, ya ajiye kwanon. Ranar ce kawai na ga Kawu ya bar tuwo.

A asibiti muka tarar da layin kati ya kai Suleja. Mai yankan katin yana cin gyaɗa, yana ɓare ta ɗaya bayan ɗaya kamar an ba shi kwangilar ƙirgawa. Na yi masa magana, ya ce kowa a nan mara lafiya ne. Har yau ban yafe masa gyaɗar nan ba. Wata nas ce ta zo wucewa, ta ga yadda leɓen Baba ya yi fari, ta tsaya cak, ta ce a kawo keken marasa lafiya yanzu. Ban san sunanta ba. Tana da wushirya da farin takalmi mai tsage a gefe. Allah ya saka mata, don da mun jira layinmu, da labarin nan a nan zai ƙare.

Aka manna masa wayoyi a ƙirji, inji ya fito da takarda mai zane kamar duwatsu. Aka ce bugun zuciya ne, wata jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe. Ya kwana biyar a gado. Da za a sallame shi aka ce sai an yi masa eko.

"Ikko?" in ji Kawu. "Da kekena? Sai dai mu isa da azumi."

Nna kuwa ta ɗauka ekon Yarbawa ake nufi, wanda ake naɗewa a ganye, har ta fara tambayar ko da miya zai ci. Sai da aka yi mana bayani cewa hoton zuciya ne, ana ganinta tana bugawa, kuma shi zai nuna yawan ɓarnar da aka yi da abin da zai iya warkewa. Likitar da ta iya injin rana ɗaya take zuwa a sati. Muka koma gida muka jira.

A sati na biyu muka je hoton. Baba ya fito da babbar rigarsa ta Sallah da hula zanna. Nna ta ce, "Malam, asibiti za mu fa." Ya ce in dai hoto ne, ba za a ɗauke shi da singileti ba. Muna shiga ɗakin aka ce ya cire riga.

Nna ta ce ba za ta iya kallo ba, ni aka tura ciki saboda ina jin Turanci. Likitar mace ce mai tabarau, daga kudu ta zo aiki ta zauna. Tana iya yin Turancinta ta huta, amma saboda girmama Baba ta lallaɓa da Hausa, irin Hausar da kowa "shi" ne, mace da namiji da kujera. Ta shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan injin. Allon ya yi kamar tsohuwar talabijin da eriyarta ta karkace. Can sai na ga wani abu yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi. Ta murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da ƙara, shuu, shuu, shuu. Na roƙe ta, ta bar ni na ɗauka a wayar Nna, don in nuna wa ƙawayena.

"Baba, ka ga nan?" Ta nuna da biro. "Wannan gefe yana aiki da kyau. Wannan ƙarami a ƙasa, ya mutu. Shi ba ya dawowa. Amma wannan babba, ka ga yana motsi kaɗan kaɗan? Bai mutu ba. Yana barci ne. In ka huta, ka sha magani, zai iya tashi. Bayan sati shida mu sake hoto. Hoto na biyu ne zai gaya mana gaskiya."

"In na tashe shi da kaina fa?" in ji Baba.

"Ba a tashe shi da guduma, Baba. Ba walda. Ba ɗaga ƙarfe. Ko bokiti."

Daga nan ta juyo gare ni ta maimaita komai da Turanci a hankali. Ta ce gefen nan mai barci shi ne rayuwarsa. Idan ya farka, Baba zai koma kusan yadda yake. Idan aka matsa masa ya bi ɗan ƙaramin, abin da ya rage ba zai iya ɗaukar jikin ba. Ta ce, "Ke kika gani, ke kika ji. Ke za ki gaya wa mutanen gida." Na ce to. Na ma ji daɗi, an ba Rediyo labari.

A keke Baba yana kallon titi har muka wuce kasuwa. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wai zuciyata ta mutu."

"Ɗan gefe ne kawai, Baba."

"Ni Lawal." Ya yi 'yar dariya, ya gyara hula.

Ranar na gaya wa Nna da Kawu komai daidai, da gefen da ya mutu da gefen da yake barci. Ina so a rubuta mini wannan. Sau ɗaya na faɗe shi daidai.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Kowa da maganinsa. Wannan ya ce tafarnuwa da zuma, wancan ya ce zogale, wata ta ce ganyen gwanda a dafa da lemon tsami. Wani ya ce a yi masa ƙaho a ƙirji, Nna ta raka shi har ƙofa da kanta. Da za mu haɗa duk abin da aka ce a ba Baba, da sai an kawo tanka. Mun gode musu, don babu wanda ya zo hannu sake, amma kowa sai ya zauna ya yi tagumi ya ce "ikon Allah", kamar an riga an fita da gawa. Baba yana kwance a falo yana kallon silin. Ni kuwa ba na iya zama da shiru. Shiru yana yi mini ƙaiƙayi.

Wata rana da la'asar gidan cike, na ɗauki tabaran Nna na ɗora a karan hanci, na ɗauko ludayi, na danna shi a tumbin Kawu Ndagi.

"Baba," na ce da muryar likita, "zuciya naka ya mutu. Ya mutu murus. Jiya muka yi masa sallah. Ka kawo shinkafa na sadaka uku."

Falon ya fashe. Wata maƙwabciyarmu ta ƙware da ruwa. Baba ya yi dariya har ya dafe ƙirji, Nna tana cewa in bari, ita ma tana share hawaye. Sati biyu ke nan ban ga haƙoransa ba. Na ji kamar ni na warkar da shi.

"Bakatsine," in ji Kawu, "shekara ashirin ina gaya wa Yaya ta auri mai matacciyar zuciya, ba ta yarda ba sai da inji ya faɗa."

"Banufe, ko da rabin zuciya na fi ka. Kai a ɗora maka injin nan, kifi za a gani yana iyo."

Daga ranar, duk sabbin baƙin da suka zo sai an ce Rediyo ta yi likita. Kullum abin yana ƙara tsawo. Na sa wa zuciyar likkafani, na sa mata magada, na raba gadonta tsakanin hanta da huhu. Maganar gefen da yake barci ba ta ba da dariya, sai na daina saka ta. Kawu kuma ya ɗauki wasan ya zuba a kekensa, yana ba fasinja daga Maitumbi har tasha.

Sati na uku da na huɗu su ne masu daɗi. Baba ya fara takawa zuwa masallacin layinmu, yana hutawa sau ɗaya a hanya, daga baya ya daina hutawa. Ƙwayoyin da yake sha sun isa a yi carbi da su, kuma ba su da araha. Nna ta sayar da firizar da take yin ƙanƙara da ita, ba ta gaya masa ba, ta ce ta lalace an kai gyara. An hana shi gishiri, kullum sai ya ɗanɗani miya ya tambaya ko wani ya rasu ne a cikin tukunyar. Na ɗauki gawayi na rubuta ranar hoto na biyu a bangon kicin. Kowace safiya Baba sai ya leƙa ya ce, "Rediyo, mai barcin nan ya yi juyi kuwa?" Shi bai manta da gefen ba. Ni ce na bar shi a baya.

A sati na biyar Alhajin Gwada ya zo. Dillalin doya ne, tun kafin ciwon ya ba Baba aikin wata babbar ƙofa ta siton doyarsa, aka yi rabi aka tsaya. Mutumin kirki ne, ya zo da doya cike da but ɗin motarsa. Hausa ba harshen gidansu ba ne, a kasuwa ya koye ta. Ya tarar da Baba a tabarma a ƙofar gida da dattawan layi bayan la'asar. Ni ina bayan ƙofa da tiren ruwa.

"Malam Lawal, sannu. Na ji a tasha an ce zuciyarka ya mutu. Wallahi na ji tausayi. Kar ka damu da ƙofa, zan sa a kwashe ƙarfe a kai wa wani. Mutum da zuciya ya mutu ba a sa shi aiki."

Babu wasa a muryarsa ko kaɗan. Abin da ya ɓata komai ke nan. Da Kawu ne ya faɗa, da an yi dariya an wuce. Wani dattijo ya yi tari. Wani ya duƙar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Wa ya ce?" in ji Baba.

"Kowa yana faɗa. An ce 'yarka ma ya ji da kunne."

Na ajiye tiren a ƙasa.

"Alhaji," Baba ya ce a hankali, "ƙarfe yana nan inda yake. Ka aiko mota ranar Asabar."

Bayan baƙi sun watse Nna ta roƙe shi. Ta yi da Hausa, ta koma Nufanci, abin da take yi kawai idan ranta ya kai maƙura. Ni na durƙusa a gabansa.

"Baba, barci yake yi. Likita ta ce barci. Sati uku kawai suka rage, ga shi can a bango."

"Na sani."

"Zan je in gaya wa kowa ƙarya nake yi."

"Rediyo," ya ce, ba da faɗa ba, "ke da kika watsa, kin taɓa ganin an bi gida gida an kwaso?" Ya dafa kaina. "A zaune zan yi. Maƙwabtan rumfa za su kama mini, ni nuni kawai zan yi."

Washegari Kawu ya ce ba zai kai shi ba ko za a yanka shi. Baba ya saka takalmi ya kama hanyar titi da ƙafa cikin rana. Kawu ya bi shi da keke a hankali yana roƙo, daga ƙarshe dole ya ɗauke shi.

Ranar farko a zaune ya yi, Kawu ya shaida. Rana ta biyu ya ga wani yana ɗinkin walda a karkace, ya karɓi abin. Ranar Juma'a ya dawo yana haki amma fuskarsa kamar ango, ya ce an gama, har fenti. Na fara tunanin ko likitar ce ta cika tsoro. Ranar Asabar mota ta zo daga Gwada. Mutum shida suka kama ƙofar, ta karkata gefe guda za ta faɗi, Baba ya sa kafaɗa.

Wannan karon ba mu bi layin kati ba.

Hoto na biyu a kan gadon asibiti aka yi shi, kafin ranar da ke bangon kicin ta zo. Ba riga, ba hula. Na tsaya a inda na tsaya wancan karon. Ban iya karatun injin ba, amma na san inda zan duba. Gefen nan babba da ke motsi kaɗan kaɗan ya tsaya kamar bango. Likita ta daɗe tana juya kan injin, ta dawo, ta sake juyawa. Ta cire tabarau.

"Baba, me ya sa?"

"Likita," ya ce, numfashinsa na yankewa, "an ce ta mutu ne."

Ba ta gane ba. Ta dube ni. A waje, a jikin taga, na gaya mata da Turanci abin da mutuwar zuciya take nufi a Hausa, cewa ba ciwo ba ne, zagi ne, ana faɗa wa wanda ya zubar da kansa ya ƙi neman na kansa. Na gaya mata ludayin da tabaran. Na yi zaton za ta yi fushi don na kwaikwaye ta. Sai ta tambaye ni, idan ciwo ya warke ya bar alama a fata, me ake ce masa?

"Tabo."

Ta ɗauki biro ta rubuta a tafin hannunta. Ta ce shekara da shekaru tana gaya wa mutane "ya mutu", ba wanda ya taɓa gyara mata.

Na tambaye ta ko gefen ya fara farkawa kafin ranar Asabar, tunda Baba har ya daina hutawa a hanyar masallaci. Ta ce mai yiwuwa ne, amma ba ta sani ba. Hoton da zai gaya mana shi ne wanda ba mu kai gare shi ba.

Sauran satuttukan ba ni da abin dariya a cikinsu. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya daina iya kwanciya, sai a zaune da matasai uku a baya, don in ya miƙe ruwa yana taruwa masa a ƙirji. Daga gado zuwa bayi ya zama tafiya. Mun koma asibiti sau biyu, a cire ruwa, a canza magani, a sallame mu. Nas mai wushirya tana leƙo mu ko ba aikinta ba ne. 'Yan dubiya suka ragu, masu zuwan ma ba wanda ya ƙara cewa a yi likita. Kawu Ndagi yana zuwa ya zauna a bakin ƙofa, ba ya cin tuwon.

Wata safiya Nna ta fita sayen magani, ina shafa masa mai a ƙafa.

"Rediyo, an ɗauke wuta ne? Sati nawa ban ji tashar nan ba."

Na ci gaba da shafa man.

"Yi mini likita."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

"To yi mini Alhajin Gwada."

Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce ni na kashe shi, ni da bakina. Ya bari na gama, don ba shi da numfashin katse ni.

"Ke kika sa kafaɗa a ƙofar?"

"A'a."

"Ina ɗakin nan lokacin da ta ce barci. Da kunnena na ji. Ba abin da kika ɓoye mini." Ya huta. "Maganar mutane na fi tsoro, ban ji tsoron hoto ba. Wannan nawa ne, kar ki ɗaukar mini." Ya sake hutawa. "Amma gaba, in an ba ki labari, ki kai shi duka. Har da inda ba daɗi."

Na ce to.

"Kuma ƙofar nan ta yi kyau. In kin je Gwada ki duba."

Ya rasu a sati na goma, ranar Litinin da hantsi, yana zaune a jikin matasansa, Nna tana riƙe da kofin kununsa.

Wajen zaman makoki kowa ya buɗe baki abu ɗaya yake faɗa. "Malam Lawal akwai zuciya." "Kai, mutumin nan akwai zuciya." Yabo suke yi, na sani, amma kowane ɗaya sai na ji kamar a kaina aka sauke ƙofar. Alhajin Gwada ya zo, wani ya riga ya fassara masa abin da ya faɗa. Ya zauna a ƙasa, ba a tabarma ba, yana kuka kamar yaro, yana cewa shi gaisuwa ya yi. Gaskiya ya faɗa. Kawu ya ce wa Nna, "Yaya, yanzu wa zan tsokana?" 

Ga abin da nake so ku ɗauka. Zafin ƙirji mai zuwa in an yi aiki ya tafi in an zauna, kada ku yanke masa hukuncin olsa a kemis. Idan aka ce a yi hoton zuciya, ku yi, kuma ku shiga mutum biyu, don kunne ɗaya yana zaɓar abin da yake so. Ku tambayi likita wane gefe ne tabo, wane ne zai iya dawowa, kuma har yaushe za a jira. Idan aka ba ku rana, ku tsare mara lafiyarku har ranar, daga aiki da kuma daga bakin mutane. Har da naku.

Ban goge gawayin bangon kicin ba, Nna ma ba ta ce in goge ba. Gwada kuma ban je ba tukuna.

Hoton farko yana nan a wayar Nna. Wani lokaci bayan ta idar da sallar la'asar sai ta ce, "Rediyo, kunna mini." Bai kai minti ɗaya ba. Allon yana rawa saboda dariya nake dannewa lokacin. Ana jin shuu, shuu, shuu. Can ƙasa ana jin muryar Baba yana cewa, "Rediyo, hular ta fito kuwa?"

Nna ba ta shiga ɗakin ba ranar, don haka kullum sai ta tambaya, kamar ba ta taɓa tambaya ba.

"Wanne ne?"

Sai in tsayar da hoton in ɗora yatsa. In ce wannan yana aiki. Wannan ƙaramin tabo ne. Wannan babban kuma, kin ga yana motsi kaɗan kaɗan, barci yake yi, in an bar shi zai iya tashi.

Yanzu ba na tsallake wurin. Allah ya jiƙan Baba, ya ba naku marasa lafiyan haƙurin jira.